Waken suya a abincin kifi: abin da ke faruwa a cikin hanji da hanta

Duk mai kiwon kifi ya san abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗinsa, kuma garin kifi ne ya fi tsada a cikin kayan haɗin. Shi ya sa masu haɗa abinci suka koma ga tsirrai: waken suya, gyaɗa, gurya, masara da dusar alkama. Ba laifi ba ne. Sai dai manoma da yawa suna duba adadin furotin da aka rubuta a jikin buhu su ce shi ke nan, alhali ba duk abin da kifi ya haɗiye ne ke zama tsoka ba.

Garin kifi mai kyau yana ɗauke da furotin kashi 60 zuwa 70 cikin 100, waken suya da aka tatse mansa kuwa 44 zuwa 48. Babban bambancin ma ba a nan yake ba. Furotin haɗin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, kuma guda 10 daga cikinsu jikin kifi ba ya iya ƙera su, dole ya same su a abinci. Waken suya yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna metiyonin, masara kuma ƙarancin wani mai suna laisin. Idan ɗaya ya gaza, ginin tsoka yakan tsaya a nan, ko da sauran sun yi yawa. Rarar sai hanta ta farfasa ta, wani ɓangare ya zama ƙarfi ko kitse, sauran ya fita a matsayin amoniya cikin ruwa. Ka biya kuɗin furotin, kifi bai girma ba, ruwa kuma ya lalace. Maganin shi ne gauraya tsirrai iri-iri, a bar ɗan garin kifi, a ƙara garin metiyonin da na laisin.

Sai kuma sinadaran da tsiro ke kare kansa da su. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke toshe aikin tirifsin, wato ruwan da ke narkar da furotin a hanji. Zafi yana kashe wannan sinadarin da ke cikin waken, don haka kada a taɓa niƙa ɗanyen wake a zuba. Amma a kula, wanda ya ƙone ya yi baƙi shi ma asara ne, domin zafin da ya wuce kima yana lalata laisin. Gurya tana da gosifol, mai ɗaure laisin da cutar da hanta. Akwai kuma fitet, wanda ke riƙe kusan kashi biyu cikin uku na fosfarus ɗin da ke cikin hatsi da wake, har ya haɗa da zinki. Kifi ba ya iya kwance shi, sai ya fita a kashi ya ciyar da gansakuka. Dafuwa ba ta kawar da fitet yadda ya kamata. Sinadarin fitas da ake ƙarawa a abinci ne ke wannan aikin.

Nau'in kifi ma yana da muhimmanci. Karfasa tana da dogon hanji, tana sarrafa sitaci sosai, tarwaɗa ma tana ƙoƙari. Kifaye masu cin nama zalla irin su salmon kuwa sukari yakan daɗe a jininsu bayan cin sitaci, kuma yawan waken suya yana kumbura musu ƙarshen hanji. Haɗin da ya yi wa wani nau'i daidai yana iya tsugunar da wani, ƙananan kifaye kuma sun fi manya jin jiki.

A ganina, ma'auni ya fi ido gaskiya a wannan harka. Duk mako biyu ku ɗebi kifaye kaɗan ku auna, ku lissafa kilo nawa na abinci ya ba da kilo ɗaya na ƙarin nauyi. In za ku sauya abinci, ku riƙa gauraya sabon da tsohon na 'yan kwanaki. Lokaci-lokaci ku feɗe ɗaya ku duba: hanta ta koɗe ta kumbura, ga kitse jibge a kan hanji, alama ce ta sitaci ko mai ya yi yawa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa ku zubar, domin gubar aflatoksin ba ta mutuwa da dafuwa irin ta yau da kullum.