Tambayoyi kan farfaɗo da tsohuwar Land Rover

Me ya sa wannan motar ba ta mutuwa?

Sirrin yana jikinta. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da ita a 1948 daga masana'antarsa ta Solihull, ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi gangar jikinta da alminiyom, wanda tsatsa ba ta cin sa. Shi ya sa har yau ake tsintar ta a bayan gona, fenti ya koɗe amma jiki na nan.

To, ina matsalar take?

A ƙarƙashi. Shasin da ke ɗauke da motar ƙarfe ne, haka ma bangon da ya raba inji da direba, kuma damina da gishirin da ake zubawa a titunan Birtaniya lokacin ƙanƙara suna cinye su ta ciki. Inda alminiyom ya haɗu da ƙarfe ma yakan ruɓe ya zama farin gari. Don haka kada fenti ya ruɗe ka. Kwanta ƙarƙashinta da guduma, ka bubbuga. Idan ruɓewar ta yi nisa, walda ɓata kuɗi ce, gara sabon shasi mai rufin zinki. A ganina, wanda ya fara da fanalbita kafin ya duba ƙasa ya soma gini daga rufi.

Wane gyara ne ya dace?

Wanda zai kare rai. Sabunta birki, sauya tsofaffin wayoyi, sa altaneta a madadin dainamo, tsohuwar na'urar cajin batiri. Ka lura, na farkon zamani da yawa an haɗa batirinsu a juye, ɓangaren fozitif ne ke jikin mota, sai ka gaya wa mai wayarin tun da wuri. Wasu kan ɗora mata injin dizal na Land Rover mai suna 200Tdi don gudu, ni kuwa na fi son a bar mata injinta na asali, kamar mai lita 2.25, wanda kowane bakanike zai iya kwancewa.

Ana iya hawanta kullum?

Ana iya, amma sitiyarinta da nauyi, ga ƙara, ba ta kuma son gaggawa. A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, kuma tun 2018 ba dole a kai ta gwajin shekara-shekara ba, muddin ba a yi mata babban sauyi ba.