Ƙaramin Gidan Wasan Kwaikwayo na Takarda

Ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na takarda wani abin wasan yara ne da aka yi yayinsa a Turai a ƙarni na 19, musamman a Ingila. Gini ne ɗan mitsitsi da ake haɗawa da katako da kwali, girmansa bai wuce a ɗora kan tebur ba, amma an kwaikwayi ainihin manyan gidajen wasan Landan, da ginshiƙansu da labule da wurin zaman makaɗa duk a zane.

Abin ya faro ne wajen 1811, lokacin da wani mai shago a Landan, William West, ya fara buga hotunan 'yan wasa cikin shigar da suke fitowa da ita a dandali. Da farko na tsaraba ne kawai ga masu zuwa kallo, to da aka ga yara sun fara yanke su da almakashi sai aka ƙaro zanen bango, aka ƙaro fuskar ginin, har da ɗan littafin da aka taƙaita maganganun wasan a ciki. Masu zane sukan shiga gidan wasa su zauna da fensir suna kwafar abin da suka gani, daga nan a sassaƙa a farantin tagulla a buga. Takarda ɗaya kwabo ɗaya ce in fara ce, in kuma an riga an yi mata launi da hannu kwabo biyu, wannan farashin ma shi marubuci Robert Louis Stevenson ya sa wa maƙalarsa ta 1884 suna.

Yawanci ba a gama ake sayen gidan ba, nan fa aikin yake. Yaro zai fente takardun da fentin ruwa, ya manna su a kwali da gam, ya jira su bushe, sannan ya bi kowane mutum da almakashi har tsinin takobi da gashin hula, kuma jarumi ɗaya zai iya fitowa a zane kala-kala, ga shi a tsaye, ga shi ya durƙusa, ga shi ya faɗi matacce, duk sai an yanke. Fuskar ginin a manna ta gaban firam ɗin katako, zanen bango a zura shi ta sama, 'yan wasa kuwa ana maƙala su a wani ɗan ƙarfe mai doguwar waya a riƙa tura su ta gefe. Haske kuma fitilar gwangwani ce mai lagwani da mai, irin aci-balbal ɗin nan, a gaban takarda fa! Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san daɗin na wajen haɗawar ne, shi ma Stevenson haka ya nuna, fentin ya fi wasan armashi.

Wasan da ya fi kowanne kasuwa shi ne The Miller and His Men, wanda aka fara yi a gidan wasan Covent Garden na Landan a 1813, labarin wani mai gidan niƙa ne da ashe shugaban 'yan fashi ne, a ƙarshe a tarwatsa gidan niƙan. Yara sukan kunna wani gari mai ba da jan wuta a wannan wajen, to ka haɗa wuta da kwali da zumuɗin yara.

Bayan West an yi wasu masu buga takardun, su Skelt da Green da Webb da Redington, faranti na fita daga hannun wannan ya koma na wancan, a goge suna a sa sabo. Benjamin Pollock ya auri 'yar Redington ya gaji shagon da ke titin Hoxton, ya riƙe sana'ar bayan kasuwarta ta mutu har ya rasu a 1937. Ragowar kayansa wata mata mai suna Marguerite Fawdry ce ta saya ta buɗe gidan tarihin kayan wasa mai sunan Pollock a 1956. Wasu ƙasashen ma sun yi nasu masu bugawar, Schreiber a garin Esslingen na Jamus, Pellerin a Epinal ta Faransa, Trentsensky a Biyana ta Ostiriya, sai Alfred Jacobsen a Denmak.

Yanzu kam manya ne ke neman tsofaffin takardun ruwa a jallo, kuma masu nazarin tarihi sun fi kowa damuwa da su, don wasannin farkon ƙarnin an yi su ne kafin zuwan kyamara, gidajen da yawa an rushe su wasu sun ƙone, wani wasan in kana son ganin irin tufafin da aka sa da yadda aka ƙawata dandalin sai dai ka duba takardun West da ke ajiye a Gidan Tarihin Birtaniya. A garin Preetz da ke arewacin Jamus kuwa har yau duk shekara masu wannan sana'a na haɗuwa daga ƙasashe daban-daban, kowa ya kafa ɗan gidansa a tebur ya yi wasa.