Waiwaye: Ƙwayoyin nano da sankarar ƙashi, daga ɓeraye zuwa karnuka

Tun da wani nazari na Jami'ar Toronto ya nuna a 2016 cewa kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyin nano (mitsitsin ƙwayoyi da ake haɗawa don kai magani inda cuta take) da aka yi wa dabbobi allurarsu ke isa cikin ƙari, wato kumburin sankara, masana ke ta jayayya a kan ko an zuzuta wannan fasaha fiye da kima. Amma tushen maganar ya daɗe.

Kafin shekarun 1970, yanke ƙafa ko hannu shi ne kusan kawai abin da ake yi wa mai sankarar ƙashi ta ostiyosakoma, kuma waɗanda ke tsira ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Magungunan kemo irin su doxorubicin da cisplatin sun ɗaga adadin zuwa wajen kashi 60 ko 70, sannan ya tsaya cik, ga kuma lahanin da suke yi wa zuciya da ƙoda. Daga nan aka fara tunanin naɗe magani cikin mitsitsin ƙunshin kitse, musamman bayan binciken Japan na 1986 da ya nuna jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo a jikin ɓeraye, abin da ke ba irin wannan ƙunshi damar shiga cikin ƙarin. An amince da Doxil, wato doxorubicin da aka naɗe cikin ƙunshin kitse, a Amurka a 1995.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne gwajin da likitocin dabbobi na Jami'ar Wisconsin suka wallafa a 1989. Manyan karnuka suna kamuwa da wannan sankara da kansu, ba dasa musu ake yi ba kamar ɓeraye, kuma takan bazu zuwa huhunsu kamar yadda take yi wa matasa. Bayan yanke ƙafar da ta kamu, karnukan da aka ba ƙunshin kitse mai ɗauke da sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki sun rayu kwana 222 a tsaka-tsaki, waɗanda aka ba ƙunshin da babu komai a ciki kuwa kwana 77. Abin lura a nan shi ne maganin bai dogara da yoyon jijiya ba ko kaɗan. Ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu, waɗanda sauran masu bincike ke ta neman dabarar kauce musu, su ne aka nufa da shi, domin su haɗiye shi su far wa sankarar da ta ɓuya a huhu.

A ganina, a nan ne hanya ta rabu biyu, kuma yawancin bincike ya bi ta ɓera saboda ta fi arha da sauri. Wancan sinadari, mifamurtide, sai a 2009 Turai ta amince da shi, bayan gwaji a kan yara da matasa fiye da 600 ya nuna masu kai shekara shida a raye sun ƙaru daga kashi 70 zuwa 78 cikin 100 idan aka haɗa shi da kemo.