Ƙwayar barci ba maganin ciwon ɓarin kai ba ce

Jama'a, an daɗe ana cewa wai in ciwon ɓarin kai ya taso a sha ƙwayar barci irin su phenobarbital, ai da an tashi ya wuce. Barcin ne ke sa a ji sauƙi, ƙwayar ba ta taɓa tushen ciwon, asali ma ita phenobarbital ta farfaɗiya ce. Kuma jiki yana sabawa da ita, in aka yawaita sha ita kanta sai ta riƙa jawo ciwon kai kusan kullum, dainawa farat ɗaya kuma na iya kawo jijjiga, sai da likita.

Duba takardar cikin kwalin ka ga me aka ce tana magani, ka riƙa rubuta ranakun da ka sha magani a wata ka nuna wa likita. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.