Ma'anar Baje Kolin Kayan Noma

Asalin kalmar baje koli daga sana'ar 'yan koli ne, waɗanda kan shimfiɗa tabarma ko buhu a kasuwa su baje ƙananan hajojinsu, kamar allura da zare da madubi, domin mai wucewa ya gani ya taya. A yau ma'anar ta faɗaɗa, ta koma nufin taron da ake shiryawa na 'yan kwanaki a wani keɓaɓɓen fili, inda manoma da makiyaya da kamfanonin iri da taki da masu ƙera injuna da cibiyoyin bincike ke kafa rumfuna su nuna abin da suke da shi.

Abin da ya raba shi da cin kasuwa shi ne, ciniki ba shi ne babban maƙasudi ba. Manomi kan je ne ya gani da idonsa, ya kwatanta, ya yi tambaya. A rumfar cibiya irin ta Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya, zai iya ganin irin masara ko wake mai nuna da wuri, wanda ya dace da yankin da damina ke gajarta, a wata rumfar kuma a nuna masa buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba magani ba. Irin waɗannan dabaru su ake nufi da noma mai ɗorewa, wato noman da ke ciyar da mutane bana ba tare da ya kashe ƙarfin ƙasar da za a noma baɗi ba. Manoman Tawa da ke haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, su zuba taki a ƙasar da ta zama fako, da na Maraɗi da ke barin kututture ya sake tofo a gona, sun daɗe suna yin sa, ko da ba su kira shi da wannan suna ba.

Ita kuwa wadatar abinci, wadda ake fatan irin wannan noma ya kawo, kamar yadda taron ƙoli kan abinci na birnin Rum ya fayyace a 1996, ba ta tsaya ga cikar rumbu ba, sai kowa ya samu abinci mai gina jiki a kowane lokaci kuma ya iya sayensa.

Baje kolin kayan noma na birnin Paris ya fara tun 1964. A Najeriya ana yin na ƙasa a Tudun Wada, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, kuma an sha yin sa dab da ranar abinci ta duniya, 16 ga Oktoba. A ganina lokacin ya dace, domin kaka ce, amfanin gona na hannu, kuma manomin da ya ga irin da ya kwanta masa yana da watanni na neman sa kafin ruwan shuka.