Abubakar ba "uban budurwa" yake nufi ba

Ranar sunan ɗan ƙanena a Garwa ta ƙasar Kamaru, liman na raɗa wa jariri Abubakar sai wata goggonmu ta ce ai ma'anarsa "uban budurwa", wai saboda Nana A'isha. Tun ina yaro nake jin wannan fassara, kuma kuskure ce.

Wasali ɗaya ne ya rikita mutane. A Larabci "bikr" ita ce budurwa, "bakr" kuwa saurayin raƙumi ne, mai jini a jika. Sunan Sayyidina Abubakar da fataha yake: Abu Bakr. Asali ma alkunya ce, sunansa na yanka Abdullahi. Shi ne halifa na farko, daga 632 zuwa 634, kuma don ƙaunarsa sunan ya bazu haka.

Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma, shi ya sa muka cusa wasali muka ce Abubakar. Bahaushe na kiransa Habu ko Garba, Bafulatani Buba, Babarbare Bukar, a Njamena kuma Abakar za ka ji. Duk suna ɗaya ne. Yana yi mini ciwo in ji ana ce wa Garba bai da sunan Musulunci.

Rubutun "Aboubakar" na takardar haihuwa kuwa ƙa'idar Faransanci ce, "ou" ɗin "u" ake karanta shi, kamar a rigar Vincent Aboubakar, tsohon ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport da ke nan Garwa.