Wai me ake nufi da "atiletik" a ƙwallon kwando?

Tun da gajerun bidiyoyin gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suka cika mana wayoyi, kalmar "atiletik" ta zama ruwan dare. Da wani ya tashi sama ya danƙara ƙwallo cikin kwando, sai ka ga an bi shi da ita. Idan kuma aka zo kan taurarin gasar irin su Nikola Jokic ko Luka Doncic, sai ka ji ana cewa ai su wayo ne kawai gare su, jikin babu komai. Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina zargin fassara. Wasannin da Bature ke kira atiletiks, mu mun raɗa musu guje-guje da tsalle-tsalle, don haka kunnenmu na jin kalmar sai ya kawo mana gudu da tsalle. Alhali asalinta Girkanci ne: "athlon" shi ne kyautar da ake ci a gasa, wanda ke fafatawa don ya ci ta kuma shi ne ɗan atiletik. A Girka ta dā, 'yan kokawa da 'yan dambe duk da sunan ake kiransu.

To, a filin kwando fa? Akwai gudu, akwai tsalle, babu mai musu. Amma abin da ido ba ya kamawa shi ne birki. Dubi Doncic, ɗan ƙasar Sulobeniya, mai nauyin fiye da kilo 100. Zai nufi kwando da ƙwallo, mai tsaronsa na biye da shi kafaɗa da kafaɗa, kwatsam sai ya tsaya cik a taku ɗaya ko biyu. Mai tsaron, wanda watakila ya fi shi sauri, sai ya wuce fuu kamar mota a gangara. Tazarar da ta buɗe ba ta kai taku biyu ba, amma ta ishi Doncic ya ɗaga hannu ya jefa. Wannan tsayawar aikin cinya ce da gwiwa da ƙugu, su ne ke shanye nauyin jikin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, mutum bai faɗi ba, bai karkace ba, ƙwallo ba ta kuɓuce masa ba. Gwada ka sheƙa da gudu a tsakar gida ka tsaya nan take, gwiwarka za ta ba ka labari. James Harden ma, wani tauraron NBA, da birkin ya yi shekaru yana cin kasuwarsa. Kowane direba ya san ba a yabon mota da gudu sai an ga birkinta, amma a kwando mun mance da haka, saboda tsayawa ba ta yin kyau a bidiyo.

Su kansu masu auna 'yan wasa a Amurka sukan sha kunya. A gwajin sababbin 'yan wasa na 2007, Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kusan kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya. Daga baya ya zama gwarzon gasar a 2014. Hakeem Olajuwon kuwa, haifaffen Legas, ƙwallon ƙafa da ta hannu ya fara bugawa kafin kwando, kuma sarrafa ƙafa da iya juyi ne suka fi yi masa rana lokacin da ya ciyo wa ƙungiyar Houston kofin NBA a 1994 da 1995.

Wasu na fassara kalmar da zafin nama. Ya fi guje-guje kusa, sai dai zafin nama ma sauri yake kawo wa mutum a rai. Ni da za a bi ta tawa, da iko da jiki muka ce: ka tashi lokacin da ka so, ka tsaya inda ka so, a bangaje ka ba ka gusa ba, ido da hannu su yi aiki tare ko ka gaji. Da wannan ma'aunin, Jokic ɗin da ake wa kallon mai nauyin jiki, wanda sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014, yakan tsaya kan ƙafa ɗaya, jiki a karkace, ƙato na tura shi, ya jefa ƙwallo ta shiga. Ya zama gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024.